Tafiyar da Na Hana Mu Yi

Maigidana direban babbar mota ne kafin mu yi aure. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kai albasa da wake Legas, ya dawo da goro da manja, wani lokaci kuma ya haura arewa da gero har Agadas, ya sauko da dabino da kantun gishiri. Ciwon baya ne ya raba shi da doguwar hanya, ya samu aikin tuƙi a wata ma'aikata a Gusau. Ni kuma malamar firamare ce. A lokacin da abin ya fara 'ya'yanmu uku: babbar tana da shekara goma sha biyu, mai bi mata namiji yana da tara, sai auta mai biyar.

Shi mutumin Bungudu ne, ni 'yar Tsafe. Yakan zolaye ni ya ce garinsu ne ƙofar hamada, garinmu kuma ƙofar teku, don duk wanda zai tafi Agadas daga Gusau ta hanyar Sakkwato sai ya ratsa Bungudu, mai zuwa Legas kuwa sai ya ratsa Tsafe. Ya ce mun zauna tsakanin ƙofofi biyu ba mu leƙa ko ɗaya ba.

Babbar ce ta jawo zancen. An ba su aikin gida a makaranta su zana teku, ta zana wani abu kamar tafkin bayan gari, har da mace tana wanki a bakinsa. Da uban ya dawo bayan la'asar ya gani, ya yi dariya har ya riƙe bayansa.

"Wanga ba teku ba ne," ya ce. "Teku ba ta da ɗaya gefen. In kin tsaya, sai raƙuman ruwa su taso miki ɗaya bayan ɗaya."

Auta ta zaro ido. "Baba, har cikin ruwa akwai raƙuma?"

Ya daɗe yana yi mata bayani cewa tudun ruwa ne ake kira haka, ta ƙi yarda. Daga ƙarshe ya ce, "To, zan kai ku ku ga raƙuman rairayi, sannan ku ga na ruwa, sai ki raba gardama da kanki." Ya juyo gare ni. "Malama, mi zai hana?"

Na ce babu komai. Na ɗauka maganar rarrashin yara ce.

Ashe da gaske yake. Cikin makon ya sayo taswira ya manna a bangon falo, ya bi hanya biyu da jan biro. Ta arewa: Bungudu, Mafara, Sakkwato, Illela, Ƙonni, Tawa, Agadas. Ta kudu: Tsafe, Funtuwa, Birnin Gwari, gadar Jebba, Ilori, Badun, Legas. Ya ce lokacin hutun sanyi ya fi, zafin hamada ya yi sauƙi, ruwan saman kudu kuma ya ɗauke. Za mu yi kwana goma arewa, mu dawo gida mu yi wanki mu huta kwana ɗaya, sannan mu miƙa kudu. Yana da wata tsohuwar doguwar mota mai kujeru layi uku. Ya kai ta gareji aka sauke injin, ya sayi taya biyu na ajiya da jarkoki huɗu, biyu na ruwa biyu na fetur, ya shafa wa na ruwan shuɗin fenti don kada a rikita. Ya kwashe mu aka yi mana allurar riga-kafi, ya yi ta zirga-zirgar takardun ƙetare iyaka.

Yara kuwa suka raba kujeru tun tafiya ba ta zo ba. Namijin ya ce shi ne a bayan Baba don ya ga yadda ake canza giya. Babbar ta samu littafi ta rubuta abin da za a ɗauka: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dakuwa, tabarma biyu, buta, bargo. Auta ta sa aka rubuta mata kwalba, za ta ɗebo ruwan teku ta kawo wa kakarta.

Wata Asabar ya ce sai an yi gwaji. Muka ɗora duk kayan kamar da gaske, har jarkokin a cike, muka nufi Tsafe. Ba mu kai dutsen Kwatarkwashi ba auta ta amayar da kunun da ta sha a kan cinyata. Muka tsaya gefen hanya ina wanke zani da ruwan jarka, shi kuma yana cewa ai amfanin gwaji ke nan, yanzu mun san ba a ba ta kunu da safe, kuma gaba za ta zauna inda iska ke shiga. A Tsafe 'yan gidanmu suka fito suna kallon motar, ƙanwata ta tambaya ko ƙaura za mu yi. Ban taɓa ganin maigidana cikin nishaɗi kamar na ranar ba. Duk hanyar dawowa yana koya wa yaran yadda ake gaisuwa da Yarbanci, suna kwaɓawa, yana gyara musu.

Shekarar ba a tafi ba, domin bikin ƙanwata ya faɗo tsakiyar hutun. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma shi da kansa ya ce a ɗaga. Shekara ta biyu na ce babbar na da jarrabawa a gaba, tana bukatar hutun ta yi karatu. Wannan rabinsa gaskiya ne. Ya ce to, Allah ya kai mu baɗi.

Abin da ban gaya masa ba shi ne tsoro nake ji, kuma ba tsoron hamada ba. Ina da shekara tara, da damina, mahaifiyata ta ba ni ƙanena mai shekara shida ta ce in kula da shi. Muka bi yara zuwa kududdufin da ake haƙar ƙasar gini a bayan gari. Na shagala da tsinkar ɗanyen kuka da ƙawayena, na waiwayo ban gan shi ba. Sai da yamma manya suka fito da shi. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya ce laifina ne, kuma daga ranar ba a sake kiran sunansa a gidanmu ba. Maigidana ya san mahaifiyata ta taɓa rashin yaro, kamar yadda mata da yawa suka yi. Bai san yadda aka yi ba, bai san a hannuna yake ba. Duk lokacin da ya kwatanta wa yara ruwan da ba shi da ɗaya gefen, sai in tashi in shiga madafa.

A shekara ta uku uzuri ya ƙare mini. Ya karɓi hutunsa a wurin aiki, an sa rana, saura mako biyu. Na zauna na daka dambun nama da hannuna, na ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, ina yi ina neman mafita. Wata Laraba bayan an tashi makaranta, na hau motar haya zuwa Bungudu ban gaya wa kowa ba.

Na tarar da Inna, mahaifiyar maigidana, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ta yi mamakin ganina ni kaɗai. Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na fara ba ta labarin tafiyar. Na ce mata a hamada mota kan mutu a inda babu ko tsuntsu. Na ce teku na janye yaro daga hannun uwarsa. Na ce bayan ɗanta bai warke ba, motar kuma tsohuwa ce. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, amma na zaɓi abin da zan faɗa, na kuma san abin da nake nema.

Inna ta ajiye ƙwaryar. "Ke kin gaya mishi?"

"Ba ya jin tawa, Inna."

Wannan kam ƙarya ce. Ban taɓa gwada shi ba.

Inna ta ce in tafi, kada in damu.

Ranar Juma'a ta aiko ya zo da mu duka. Yara suna tsakar gida suna bin 'yan awaki, mu uku muna ɗakinta. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Tafiyar ga da kake shiri da ɗiyan ga, ban lamunta ba. In kai kaɗai ne, ka saba, Allah ya tsare. Amma jikokina ba su zuwa inda teku ke janye yaro daga hannun uwarsa."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga hannu. Ya mayar da kansa ƙasa. Mutum ne da bai taɓa musu da uwarsa ba.

"To, Inna," ya ce. "An bari."

A hanyar dawowa ya gaya wa yara Inna ta hana tafiyar. Namijin ya fashe da kuka, babbar ta juya fuska ga taga, auta ta yi ta tambaya ko gobe za a je. Da muka shigo Gusau, yaran suka sauka suka shige gida. Na kama ƙofa zan fita, ya ce, "Malama."

Na tsaya.

"Inna ba ta san teku na janye yaro ba. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinmu ba." Bai ɗaga murya ba, hannunsa na kan sitiyari. "Da kin faɗa mini da bakinki, da na bari. Ba sai an kai ni gaban uwata ba."

Nan ne ya kamata in gaya masa komai. Na ce kawai, "Ka yi haƙuri," na fita.

Washegari ya sauke kayan da kansa. Bai sake tayar da zancen ba, bai kuma canza mini fuska ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Bai gaya wa yara ni ce na kai zancen Bungudu ba, Inna ma ba ta gaya musu ba. Suka ɗora laifin a kanta. Kusan shekara guda in an ce za a je Bungudu sai babbar ta ce kanta na ciwo, namijin kuma in ya je ya gaishe ta a tsaye ya fice. Inna ta kan aiko musu da gyaɗa da rake, su ƙi taɓawa. Ina gani, na yi shiru.

Na riƙa ce wa kaina in sun ƙara girma, in auta ta yi wayo, ni da kaina zan ce a tafi. Kafin su girma hanya ta lalace. Aka fara tare mutane a dajin Birnin Gwari, sannan abin ya matso har ya zama ko Tsafe za ka sai ka tambayi waɗanda suka fito, kuma ba ka bari la'asar ta same ka a hanya. Bungudu da muke zuwa kamar bayan gida ta zama sai da addu'a. Ana cikin haka ciwon sukari ya taɓa idon maigidana, likita ya hana shi tuƙi. Ya sayar da motar ga wani mai ɗaukar kayan gwari.

Inna ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Bayan sadakar bakwai muka dawo gida, da hantsi na tara su a falo, har da shi, na faɗa musu duka, daga kududdufin har zuwana Bungudu ranar Laraba. Namijin, wanda a lokacin ya zama saurayi, ya tashi ya fita, sai da ya kwana biyu kafin ya sake cin abinci tare da mu. Babbar ta ce, "Mama, kin bari muka yi wa Inna haka, ga shi yanzu ba ta nan balle mu roƙe ta gafara." Auta ce kaɗai ta matso ta zauna kusa da ni, ta ce ita ba ta ma tuna yawancin abin ba.

Maigidana ya bari sai da suka watse.

"Shekara ashirin da wani abu muna tare," ya ce, "kina ɗauke da wanga abu, ina ta zuba miki labarin ruwa a kai." Ya girgiza kai. "Ai ba dole ne a je teku ba. Da Agadas kawai mun tafi."

Wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Tsoro ya rufe mini ido har ban ga cewa tafiyar rabi biyu ce ba, kuma rabi ɗaya babu ruwa a cikinsa. Na yi kuka sosai, ya bar ni na yi.

Da na yi shiru ya tambaye ni sunan ƙanena. Na buɗe baki, sai na ji sunan ya yi mini nauyi, don rabon da in furta shi tun ina 'yar shekara tara. Na faɗa. Ya maimaita sau biyu don ya riƙe. Ranar Juma'ar da ta biyo ya sa aka soya waina da yawa, ya zauna a ƙofar gida yana raba wa makwabta, duk wanda ya karɓa ya ce masa a yi wa Inna addu'a, a yi wa ƙanen matarsa.