Matakalar Kawu Eleuterio

Kawuna Eleuterio ya makance yana da shekara goma sha tara, ranar da tukunyar walda ta fashe masa a fuska a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso. Bana ya cika saba'in da ɗaya, kuma bai taɓa riƙe sanda a cikin gidanmu ba. Gidan katako ne a kan tudu. Ɗaki uku a sama, ɗaya nasa, biyu na baƙi 'yan hutu. Ni ke amsa waya da wankin zannuwan gado, shi ke ɗaukar kaya. Matakalar taki goma sha huɗu ce, a miƙe kamar tsani, amma haka zai haye ta da jaka biyu yana fito, baƙo na haki a bayansa.

"Masu ido, ku bi a hankali," in ji shi.

Bayan gobarar da ta cinye gida tara a gangaren unguwarmu, hukuma ta ce ba lasisi, ba saukar baƙi. Mai duba gidaje ya zo da abin awonsa, mutumin kirki, har shayi ya sha. Ya rubuta gyara bakwai, ya ba ni wata biyu. A kwana arba'in da shida na gama. Nibaldo kafinta ya ɓalle tsohuwar matakala, ya kafa mai faɗi, taki goma sha bakwai da lanƙwasa a tsakiya. Na rataye tukunyar kashe gobara biyu. Komai sau biyu na auna shi, Kawu kuwa ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

Ranar da na manna lasisin a bango, mata da miji suka iso daga Mendoza. Kawu ya suri jakunkunansu. A taki na tara, inda a da hanya take a miƙe, ya yi karo da bango ya gangaro. Ba karaya, goshi ne ya fashe, ɗinki huɗu. Matar ta kama hannunsa. "Sannu, baba, zo in kai ka kujera." Shekara hamsin da biyu ba wanda ya taɓa yi masa jagora a gidan nan.

Da ya warke na ce, "Kawu, ka riƙa hawa matakalar sau goma da safe, sau goma da yamma. Mako ɗaya ka haddace ta."

"Yasna uwar lissafi," ya ce. "Ke ce mai ƙirge. Ni ƙafata ce ta sani, ita kuwa ta wuce shiga makaranta."

Kwana uku muna gwadawa, hannunsa a kan ƙarfen riƙo, leɓensa na motsi. A na huɗu ya ce in sauko masa da katifarsa da rediyonsa ɗakin bayan kicin.

Yanzu gidan ya fi aminci, wannan ba musu. Wata biyar ke nan bai hau sama ba. Yana zaune kusa da murhu, shi ke yanka burodin shayin la'asar. In ya ji an ja jaka a bakin ƙofa sai ya miƙe, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Yasna, kai su."