Ranar da Na Yi wa Umma Tafinta

"Ki faɗa mata daidai yadda na faɗa," in ji likitar, tana kallona.

Muna wani asibiti a Birmingham, shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Tafintan Hausa sai an jira makonni, shi ya sa na shiga da Umma. An riga an cire mata ƙari a nonon hagu, yanzu ana so a ɗaga na dama su daidaita.

Ni kuwa 'yar fari ce. Ko sunana Umma ba ta kira.

Likitar ta zana a takarda. Ta ce a da, sai a zagaye kan nonon, a sauko, a sake yankawa ta ƙasa, tabo dogo. Daga baya aka koyi taƙaita yankan, kuma irin wannan take son yi mata.

Bakina ya yi nauyi. Na ce, "Umma, wai za su ɗan gyara wajen."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce ta yi dogon bayani, ni na gama a numfashi ɗaya. Ba za ta karɓi sa hannun wadda ba ta fahimta ba.

Umma na kallon bango ta ce, "Hadiza. Jikina za a yanka. Faɗa min duka, kunya ta jira mu a gida."

Ranar na fara jin sunana a bakinta. Na fassara komai.

Ku fa, wace magana kunya ta kusa hana ku faɗa wa iyayenku?