Ƙugiya Ɗaya a Sunan Babanmu

"Malama, kwantar da hankalinki. Harafi ɗaya ne fa. Jibi in kin buɗe shafinki za ki tarar an gyara, ni na faɗa miki."

Maganarka ce wannan, jami'in rajista na cibiyar karatu daga nesa, ban ƙara ba ban rage ba. Ka faɗa wa ƙanwata ita shekara huɗu da wata biyar da suka wuce, ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta. To, ina sanar da kai, da duk wanda ya san ta, cewa Allah ya yi wa Auta rasuwa ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekararta arba'in da uku. Ta bar miji, da 'ya'ya mata biyu, da mahaifiyarmu, da aji guda na yara 'yan shekara shida da har yau suke leƙen ƙofa ko za ta shigo. Harafin kuwa yana nan ba a gyara ba.

Auta, bari in juyo gare ki, don ke na zauna rubuta wa.

Shekara ashirin da ɗaya kina koyar da aji ɗaya na firamare, ajin da kowa yake gudu saboda majina da kuka. Sau uku ana ɗora miki shugaban makaranta a cikin waɗanda ke kika nuna musu yadda ake riƙe alli, don kawai suna da digiri ba ki da shi. Ba ki taɓa ɗaga musu murya ba. Ranar da kika ji an buɗe karɓar ɗalibai a jami'ar da ake karatu daga gida, kika zo maɗaba'ar da nake aikin gyaran rubutu, kika zare biro daga hannuna kika ce, "Yaya, tashi ki raka ni. Zan koma makaranta kafin 'ya'yana su riga ni."

Muka tafi shagon kwamfuta na bakin titi, mai fanka guda da kujerun roba. Sau uku shafin yana ƙin karɓar hotonki, wai ya yi nauyi. Kika ce wa mai shagon, "Ni da ba na cika kujera, hotona ne zai yi wa na'ura nauyi?" Da aka zo gurbin sunan mahaifi, ya buga sunan Baba da "d" tsirara. Kika dafa teburin.

"Malam, akwai ƙugiya a nan."

"Malama, kowa haka yake sawa. Na'urar ba ta san ƙugiya ba."

"Ni kullum ina gaya wa yara ƙare daban, kare daban. In na ƙare karatu ba na so a rubuta na zama kare. Sa masa ƙugiyarsa."

Ya yi dariya, ya lalubo harafin, ya sa. A allon kwamfutar sunan ya fito daidai, kamar yadda yake a takardarki ta sakandare. Amma da takardar shiga ta fito daga jami'a, a wurin harafin nan sai ga alamar tambaya zaune a tsakiyar sunan mahaifinmu, kamar ana tambayar ko shi ya haife ki. A ƙasa kuma an rubuta cewa shigar wucin gadi ce, har sai suna ya dace da na takardu.

Washegari muka je cibiyar, ofis na biyu a hannun hagu, mai taga da wayar ƙarfe da benci ɗaya a waje. A nan aka yi miki alkawarin da na buɗe wannan rubutu da shi. Sai daga baya muka ji cewa ɗalibai Malam Jibi suke kiran jami'in rajistar, don shi ko gobe ba ya cewa, gobe ta yi masa kusa.

Kika fara karatu da alamar tambayarki. Na ga yadda kika yi shi. Lokacin tara a makaranta, sauran malamai suna hira a inuwa, ke kina aji da waya a jingine jikin kwalin alli kina sauraron lacca. Ranar Asabar kina cibiyar tun kafin a buɗe ƙofa. Akwai wani mai gadin banki a ajinku na jami'a, dattijo, wanda idonsa ba ya iya karanta ƙananan rubutun waya. Shekara huɗu kina karanta masa kowane darasi da muryarki kina tura masa, babi bayan babi, har da tambayoyin ƙarshen babi. Ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gida ya kasa shigowa. Ya ce mini, "Hajiya, digirina da muryarta na yi shi." Shi sunansa ya fito a jerin masu kammalawa tun bara. Sunansa ba shi da ƙugiya.

Duk sabon ɗalibin da rajista ta rikita, wurinki ake turo shi. Kin san wane gurbi ne ke goge kansa in an koma baya, kin san lokacin da shafin yake buɗuwa ba gardama. Mutum nawa kika shigar jami'ar nan da hannunki, alhali ke kanki ba a gama shigar da ke ba?

Ga abin da aka sa ki yi a kan harafi guda. Aka ce ki rubuta takardar koke, kika rubuta. Aka ce ta ɓata, kika sake. Aka ce ki kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa ke ce ke, kika je kika rantse a kan abin da duk unguwa ta sani. Aka ce gyaran daga hedikwata ake yi, hedikwata ta ce daga cibiya ake turowa. A shekara ta uku kika karaya. Kika ce mini, "Yaya, Baba zai yafe mini. Bari in ba su ƙugiyar su ba ni takardata." Kika sake rantsuwa cewa sunan da "d" tsirara ma naki ne. Na ga fuskarki ranar, kamar wadda ta sayar da abin gado. Da kika kai wa Malam Jibi, sai ya jera takardun a tebur ya ce, "Ai yanzu Malama kin ƙara dagula abin. Sunanki ya zama uku." Sannan ya ce ki dawo jibi.

Kin ci kowane kwas. Kin rubuta kundin bincikenki a kan koyar da karatu ga yara 'yan aji ɗaya, malamin da ya duba ya ba ki maki mafi girma. Aka yaye 'yan ajinku, ke kina zaune a cikin 'yan kallo kina yi musu tafi.

A asibiti, kwana biyu kafin ki cika, bayan an ɗauke kwanon abincin rana da ba ki taɓa ba, kika miƙo mini wayarki kika ce in duba shafin. Na duba. Kika kalli fuskata kika ce, "Bar shi, Yaya, kada ki yi mini ƙarya, ba ki iya ba." Kika yi murmushi. Ni ban yi ba, kuma har yau ban yi ba.

Yanzu kai, Malam Jibi. Ban ce ka kashe ta ba. Ajali ne, kuma ciwon ƙoda ba daga ofishinka ya fito ba. Amma washegarin jana'iza na kira ka da wayarta don in sanar da kai. Ka ga lambar, ko sallamata ba ka bari na ƙarasa ba ka ce, "Malama, ana kan aikin, ki duba jibi." Na ce maka yayarta ce, jiya aka binne ta. Na ɗauka kunya za ta kama ka. Sai ka ce, "Allah ya jiƙanta. To a kawo takardar shaidar rasuwa, amma a tabbata sunan ya dace da na shafin." Wato in je in roƙi likita ya sa wa gawar ƙanwata alamar tambaya.

Shekara ashirin da shida ina aikin farautar harafin da ya kauce. Na san tsawon lokacin da gyaran harafi ɗaya yake ci: bai kai a sha kofin ruwa ba. Abin da ya hana ka ba na'ura ba ce. Ka dai duba ka ga malamar firamare ce, mai haƙuri, mai gaishe ka da ladabi ko ka wulaƙanta ta, ka san ba za ta iya yi maka komai ba. Ka yi gaskiya, ba za ta iya ba. Ita ce mai haƙurin gidanmu, kuma ita aka binne.

Ya Allah, ka jiƙan Auta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa kowane harafi da ta koya wa ɗan wani ya zame mata lada mai gudana. Mama, Allah ya ba ki dangana. Kin binne wadda kika ɗauka ita za ta rufe miki ido. Mijinta, wanda ya yi shekara huɗu yana kai ta cibiyar nan a babur yana jira a rana, Allah ya saka maka da alheri ya sanyaya zuciyarka. 'Ya'yana biyu, uwarku ta gama digirinta, kada wanda ya gaya muku wani abu daban. Ina kuma miƙa ta'aziyya ga abokan aikinta da abokan karatunta da yaran ajinta.

Saura magana ɗaya. Auta ba ta goge saƙo. A wayarta akwai alkawarinka guda hamsin da bakwai, na rubutu da na murya, kowanne da ranarsa. Na kwafe su duka, na jera, na gyara waƙafi da aya, ban taɓa kalma ko ɗaya ba. Mutum talatin da ɗaya masu ƙugiya a sunansu sun kawo mini nasu. Na ba ka zuwa ranar Juma'a, sha ɗaya ga watan Afrilu, ƙarfe goma sha biyu na rana: sunanta ya shiga jerin waɗanda za a yaye bana, sunan Baba a rubuce yadda ya rubuta shi da hannunsa, a miƙa takardar ga babbar 'yarta. In sha biyu ta buga ba a yi ba, da ƙarfe ɗaya injin maɗaba'armu zai tashi. Littafin alkawuranka, kwafi dubu biyu. Ranar bikin yaye ɗalibai zan tsaya a bakin ƙofar zauren in miƙa wa kowane uba da kowace uwa da kowane babban baƙo nasa, hannu da hannu, na farko kuma na shugaban jami'a ne. Cikakken sunanka zai hau bangon littafin da manyan baƙaƙe, kuma ni zan duba shi da kaina kafin a buga, don kada wani ya yi kuskuren mutum.