Shekarar da Zuwaira ta fara faɗuwa

A Bracodi, wata unguwa a Abidjan, aka haifi Zuwaira, a wani gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifinta, Alhaji Babani, mutumin Galmi ne. Albasa ce ta kawo shi Abidjan tun yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Ita kuwa sau biyu kacal ta taɓa zuwa Nijar, kuma duk zuwan sai da 'yan'uwa suka yi wa Hausarta dariya, wai rabinta Faransanci ne.

Wannan Faransancin ne ya kai ta ga aikin ungozoma. Tun tana 'yar shekara goma sha uku matan gidansu, waɗanda mazansu suka kawo daga ƙauye, suke jan ta zuwa awo, ta tsaya tsakaninsu da ma'aikatan matanite, wato asibitin haihuwa, tana fassara. Ta sha ganin mace cikin naƙuda tana roƙon a taimake ta, babu mai jin abin da take faɗi. Da ta ci jarrabawar BAC ta kammala sakandare ba ta yi wani dogon tunani ba, ta nemi makarantar koyon aikin lafiya a Treichville, aka kuwa ɗauke ta. Kullum da sassafe takan ratsa cunkoson Adjamé, farar rigarta a ninke cikin jaka, ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, ta haye gada.

Tana shekara ta biyu a makarantar abin ya fara. Wata Talata da safe ta sauka daga mota, tana shirin tsallaka titi, sai ta ji wari kamar ana ƙona taya. Ta waiga, babu hayaƙi ko'ina. Wani abu ya taso mata daga ciki zuwa maƙogwaro. Daga nan ba ta ƙara sanin inda take ba.

Da ta buɗe ido ƙafafun mutane ta fara gani, sun kewaye ta amma kowa ya ja da baya. Bakinta cike da jini, ta ciji harshe. Siket ɗinta a jiƙe. Ta ji wani yana cewa kada a taɓa miyaunta, ana ɗauka. Wata mata mai sayar da soyayyar ayaba ce kaɗai ta matso, ta kwance zanenta na sama ta rufa mata, tana ta maimaita, "Yako, ma fille, yako," wato sannu 'yata, sannu. Zuwaira ta fi minti goma kafin ta tuna sunan makarantarsu. Ba ta je ba ranar. Ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta, Inna Murja, jiri ne ya kwashe ta don ba ta karya ba.

Ita kanta ta so ta yarda da maganar, amma ta karanta irin wannan a littafi, ta kuma san sunansa. Ta ƙi buɗe shafin.

Bayan mako uku abin ya dawo, wannan karon a gida, da la'asar, tana fifita gawayi za ta ɗora shayin mahaifinta. Ta faɗi gefen murhu, damtsenta na hagu ya sauka kan garwashi. Inna Murja ce ta janye ta tana salati da ƙarfi, jikin 'yarta yana ta kakkafewa yana fizga a hannunta. Kafin Zuwaira ta farfaɗo duk matan gidan sun fito.

Alhaji Babani ya ce wannan ba na likita ba ne, iska ce. Washegari ya kai ta wurin Malam Sayyadi, dattijon da ke koyar da Alƙur'ani a unguwar Saint-Michel, wanda shi ya raɗa mata suna. Malam ya yi mata addu'a mai tsawo, ya tofa a ruwa ya ba ta. Sannan ya dubi mahaifinta.

"Alhaji, addu'a ba za mu fasa ba. Amma ƙanena ya yi wannan ciwon a Tawa, muka tsaya neman aljani, har wata rana ya faɗa rijiya. Ka kai ta asibiti, gobe ba jibi ba."

A asibiti aka manna mata wayoyi a kai, ta kwanta ido rufe ana haska mata fitila mai ƙyaftawa. Likitan, wani mutum mai magana a hankali, ya duba takardar ya ce, "Épilepsie." Alhaji ya tambaye ta me ya ce. A karon farko a rayuwarta Zuwaira ta rasa bakin fassara. Da ƙyar ta ce, "Farfaɗiya, Baba."

Likita ya rubuta magani, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma, kada ta tsallake ko sau ɗaya. Kada ta hana kanta barci, kada ta yi girki ita kaɗai, kada ta kulle ƙofar banɗaki. Ya ce da yawa ciwon kan kwanta da magani, amma sai an yi ta gwaji kafin a dace. Sannan ya tambayi abin da take karantawa. Da ta faɗa masa, sai ya ajiye alƙalami.

"Sai kin gaya wa malamanki," in ji shi.

A hanyar komawa Inna Murja, wadda ta jira su a waje, ta riƙe mata hannu ta ce, "Kada in ji kin faɗa wa kowa. Na ce wa mutanen gida zazzaɓi ne ya hau miki kai. In sunan nan ya fita, ba mai cin abinci kwano ɗaya da ke, balle maganar aure."

Ba don maganar Inna kaɗai Zuwaira ta yi shiru ba. Tsoro take ji a kore ta. Ta sa riga mai dogon hannu ta rufe ƙunar, ta koma aji.

Watannin da suka biyo baya ba ta yi su cikin hayyacinta ba. Maganin yana sa ta gyangyaɗi, ta karanta shafi sau uku, da ta rufe littafi ya gudu. Ita da take amsa tambaya kafin a gama yin ta, sai ga shi ta koma kujerar baya, kusa da ƙofa. A tasha ba ta tsayawa bakin titi, sai ta jingina da bango. In mota ta hau gada, ta dubi ruwa a ƙasa, sai ta damƙe kujera har yatsunta su yi ciwo. Adjamé kuwa ba ta rabo da warin ƙona shara da hayaƙin gbaka, ƙananan motocin bas na haya, kuma duk lokacin da ya bugi hancinta sai gabanta ya faɗi, ta dubi fuskokin mutane ta ga ko su ma sun ji. Sau ɗaya ta tambayi wani mai tura kaya, "Malam, kana jin wari?" Ya dube ta kamar mahaukaciya.

Ƙawarta Kamila, wadda suke aji ɗaya, 'yar Belleville, ta lura. "Zou, me ke damunki ne? Kin rame, on dirait ba kya barci." Zuwaira ta ce karatu ne.

Wata biyu suka wuce ciwon bai tashi ba, ta fara cewa ko ya tafi. A lokacin aka tura su koyon aiki a wata ƙaramar matanite a Belleville, ita da Kamila, ƙarƙashin wata tsohuwar ungozoma, Madam Akisi, mai faɗa amma mai koyarwa. Ranar farko da aka miƙa wa Zuwaira jariri, sai ta ji hannuwanta kamar na aro. Ta riƙa neman dabara: ita ce mai rubutu, ita ce mai wanke kayan aiki, ita ce mai riƙe hannun uwa. Madam Akisi ta ce, "Ke, ungozoma kika zo zama ko sakatariya?"

A mako na uku, wata Alhamis da hantsi, wata yarinya ta haifi ɗanta na fari. Madam Akisi ta yanke cibi, ta naɗe shi a tawul, ta ɗora wa Zuwaira a hannu ta ce ta kai shi ma'auni. Taku shida ne tsakanin gadon da ma'aunin, ƙasa kuwa tayil ne. A taku na biyu warin ya zo.

Ta san ba ta da lokaci. Ta so ta yi ihu, muryar ta ƙi fita sosai. Ta juya wajen Kamila, ta tura mata jaririn a ƙirji. "Prends-le. Karɓe shi, Kamila, karɓe shi!" Ta ga hannuwan Kamila sun rufe a kan tawul ɗin. Ta durƙusa, tana neman zama, sai duhu.

Ta farka kwance a kan gefenta, an sa mata rigar wani a ƙarƙashin kai. Ta daɗe tana kallon ƙafar gado ba ta gane ba. Da hankalinta ya fara dawowa, ta yi yunƙurin tashi.

"Jaririn. Ina jaririn?"

"Yana shan nono," in ji Kamila, hawaye na zuba. "Ba abin da ya same shi. Kwanta."

Zuwaira ba ta yarda ba sai da aka ɗaga labule ta gan shi da idonta.

Da rana Madam Akisi ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa. "Tun yaushe?"

"Kusan wata huɗu, Madam."

"Kina shan magani?"

"Ina sha."

"Kin sani ke nan. Kin sani, kika bar ni na ɗora miki ɗan mutane a hannu." Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo. "Ciwo ba laifinki ba ne. Na yi aiki shekara tara da mai irinsa, ta fi ni iya ɗinki. Amma ita ta gaya mana, muka san yadda za mu tsaya da ita. Da yaron nan ya faɗi, me zan ce wa uwarsa?"

 Zuwaira ta zauna tana jiran a ce ta tattara kayanta.

Ba a kore ta ba, amma ba a bar ta haka ba. Madam Akisi ta rubuta rahoto, makaranta ta nemi takardar likita, aka yi zama a kanta wanda ba ta halarta ba. Mako biyu ta yi tana jiran hukunci, ba ta iya cin abinci. A ƙarshe aka ce an cire ta daga ɗakin haihuwa da aikin dare sai likita ya tabbatar ciwon ya kwanta, za ta kuma maimaita shekarar. Likita ya canja mata magani. Sabon bai cika sa ta barci ba, amma kafin ya kama jikinta ta sake faɗuwa sau biyu, ɗaya a cikin aji, gaban kowa. Wasu 'yan ajin suka daina zama kusa da ita. Labari ya isa Bracodi, Inna Murja ta yi kwana uku ba ta fita tsakar gida ba. Alhaji Babani kuwa ya fara barin rumfarsa da safe ya raka ta tasha, ya tsaya har motar ta tashi.

Ta gama karatun shekara ɗaya bayan Kamila. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Adjamé, rabin mako tana awon masu ciki, sauran a ɗakin haihuwa, kuma ba a taɓa barin ta ita kaɗai da mai naƙuda. Duk sabuwar ma'aikaciya da ta zo, Zuwaira kan ja ta gefe ranar farko ta ce, "In kika ga na faɗi, ki kwantar da ni a gefena, kada ki sa min komai a baki, ki duba agogo. In ya wuce minti biyar ki kira likita." Wasu kan gyaɗa kai, wasu kan ja da baya kaɗan. Watanta goma sha huɗu ke nan ciwon bai tashi ba. Likita ya ce alama ce mai kyau, amma da ta tambaye shi ko ya tafi ke nan, ya ce wannan ba zai iya yi mata alkawari ba.