Dattijon da Ya Ƙi Kiran Manomansa da Lamba

Ina jiran saƙo a tashar motar Obi, kusa da wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Kwamfuta ce a cinyarsa, yana buga ta da yatsu biyu, leɓɓansa na motsi. Tafin hannunsa duk kanta. Ina jin malamin gona ne da ya shiga koyon rubuta manhaja da furfurarsa.

Na leƙa, bai hana ni ba. Ya gina rumbun ajiye bayanai cikin manhajar, ya gindaya masa sharaɗin kada ya karɓi komai sai manomi. Ya gwada cusa buhun taki, kwamfuta ta ja jan layi ta ƙi.

"Ka gani, ɗana?" Yana dariya. "Wannan ba ta san alfarma ba."

Sai ya umarce ta ta nuna manoman. Ga abin da ya fito: Manomi@5e2d, Manomi@7a81. Dariyar ta ɗauke.

"Baba, mota ta cika!" in ji ɗan kamasho.

"Ku je, na bi ta baya. Gobe zan nuna musu a taro. In dubi Suwaibatu in ce ita ce 5e2d?"

Mota ta tashi, batirin kwamfutarsa ya yi ja. Ya ƙara 'yan layukan da za su sa kowane manomi a manhajar ya fito da sunansa da garinsu da abin da yake nomawa, ya danna.

Suwaibatu, Akurba, riɗi. Ashemi, Shabu, doya.

Yana bin sunayen da yatsa, yana gyaɗa wa kowanne kai.

"Yauwa," in ji shi. "Sannunku da zuwa."