Kwaɗo a Pampon Sarzan Tahiru

Kolo mutumin Gidimuni ne, a bakin tafki aka haife shi, inda ruwa ba abin magana ba ne. Abin da ya sa ya bar wannan ni'ima ya taho Damagaram, garin da duwatsu suka fi rijiyoyi yawa, shi kansa bai taɓa ba da amsa iri ɗaya sau biyu ba. Yau ya ce aikin tilas ya gudo wa, gobe ya ce wata yarinya ce ta ƙi shi. Ko ma mene ne, ya iso yana saurayi, ya samu sanda da garwa biyu, ya zama ga-ruwa. Shekara talatin sandar nan tana kafaɗarsa, har ta yi wa kanta mazauni, kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu da yatsa uku.

Ruwa iri biyu yake ɗauka. Da sassafe yakan je pampon da ke bakin unguwar Nasara, ya cika garewani da ruwa garai-garai, ya kai gidajen Turawa ya zuba a tano, wato babbar gangar ruwa. An yarda ya ɗiba musu, ba a yarda ya kai baki ba, kuma akwai gardi da bulala a zaune a gindin bishiyar bedi don tunatarwa. Da hantsi kuma sai ya gangara kududdufin bayan Zongo ya ɗebo wa 'yan uwansa baƙar fata nasu rabon. Ruwan nan kore ne da damina, ja da rani, jakuna suna sha daga wannan gefe suna mayarwa daga wancan. Sai an tace shi da bakin zane sau biyu kafin ya daina motsi. Babu gidan da ba a samun mai kurkunu a zaune, ƙafa a miƙe, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kamar ana kaɗi. Kolo kansa ya fitar da uku. Duk lokacin da ya tsoma garwa a ruwan nan sai ya kau da fuska.

Mutumin da ya ce ba zai ci gaba da shan wannan ba shi ne Sarzan Tahiru, tsohon soja, tela a bakin kasuwa. Gaskiya ita ce Sarzan ba mutum ne mai daɗin zama ba. Masifaffe ne, ga cin taba, ga tofar da yawu ba tare da duba inda zai sauka ba, kuma in ka ba shi ɗinkin ƙaramar salla sai ka sa rai da babba. Amma ya dawo daga yaƙin Nasara da ɗingishi da magana ɗaya a bakinsa: an ce doka ta sake, yanzu kowa ɗan ƙasa ne daidai da Bature. Mutane suka ji suka ce to, madalla, suka koma harkarsu. Shi kuwa sai ya ɗauki maganar da gaske.

Wata safiya a bazarar 1951 ya ɗauki buta ya nufi pampon, ya tara, ya sha, ya kuskure baki, ya zauna yana alwala ba gaggawa. Kolo yana wurin a lokacin. Da ya ga gardi ya miƙe, sai ya saɓa garewaninsa rabi-rabi ya yi gaba, bai waiwayo ba sai da ya sha kwana. Bai taɓa ɓoye wannan ba. In ana labarin yakan ce, "Ni dai ranar ƙafafuna ne suka yanke shawara, ba su tambaye ni ba."

Sau bakwai aka kai Sarzan kaso, wato gidan yari, a cikin shekara huɗu. Duk ranar da aka sako shi, ko gida ba ya zuwa sai ya biya ta pampon. Takardun kamun nan bakwai kuwa hannu ɗaya ne ya rubuta su, hannun wani matashin ma'aikacin biro, ofishin Nasara, mai suna Suma'ila, wanda tun da ya fito lakwal, makarantar boko, ba ya amsa kira sai an ce masa Mushe, yadda ake kiran Faransawa. Rubutunsa kyakkyawa ne ƙwarai, kowa ya shaida. Abin da Kolo ya iya yi shi ne rage ɗan ruwa a gindin garwa in ya zuba wa matar wani Bature, ya kai wa Sarzan a kaso. Sarzan yakan shanye, ya miƙo ƙwaryar ya ce, "Matsoraci, gobe ka ƙaro."

A karo na bakwai matarsa Kaltuma ta gaji da kai tuwo kaso, ta ɗauki tulu ta je ta tsaya a pampon da kanta. Mata arba'in suka bi bayanta. Gardi ya dubi bulalarsa, ya dubi matan, a ciki har da gwaggonsa, ya koma ya zauna. Kwamandan lokacin sabon zuwa ne, ba ya son hayaniya, ya ce a ƙyale su. Daga ranar pampo ya zama na kowa. Wurin ya cika da caɓi da kashin jakuna da faɗan layi, kurkunu kuma ya yi ta raguwa a Zongo. Sarzan bai daɗe yana jin daɗin abin ba, tarin da ya kwaso a kaso ya tafi da shi a 1958. Mutum goma sha ɗaya suka raka shi makwancinsa, Kolo ya ƙirga su, saboda manyan gari duk ranar suna da uzuri.

Sai aka samu 'yancin kai. A bazarar farko bayan an sauke tutar Nasara, Kolo ya iso pampo da garewaninsa ya tarar da magina. Cikin mako guda aka yi dakalin siminti, aka shafe shi da farar ƙasa, aka kewaye da shingen ƙarfe, aka kafa allo mai rubutun Faransanci. A ƙofar shingen kuma aka rataya kwaɗo sabo fil, mai girman tafin hannu.

Kaltuma tana tsaye a wurin da tulunta, da mata wajen ashirin a bayanta.

"Kolo, kai da kake shiga gidajen manya, me aka yi mana nan?"

"An ce karrama Sarzan ake yi, Yaya Kaltuma."

"To ruwan fa?"

"An ce ruwa yana ɓata wurin."

Wani malamin lakwal da ke wucewa ya tsaya ya karanta musu allon. An rubuta cewa a nan ne Tahiru, mutum mai haƙuri da sanyin hali, ya buɗe wa jama'a ƙofar daidaito.

"Mai haƙuri," in ji Kaltuma. "Wane Tahirun ke nan? Ni dai nawa ya taɓa jifan liman da takalmi."

Ta ɗora tulu a ka, ta juya ta nufi kududdufi, matan suka bi ta. Kolo ma ya bi, don garewani ba sa cika kansu. Shekara shida rabonsa da wurin. Ya tarar da shi ya ƙafe saura tsakiya, ga mataccen kare a gefe ya kumbura, yara suna ɗiba daga can ɗaya gefen. Ya tsoma garwa, ya rasa wanne ya fi masa ƙazanta, ruwan ko farar ƙasar da ya baro.

Bayan kwana biyu aka kira shi biro. Mushe Suma'ila ne a kujerar, ya yi ƙiba, shi ne shugaban kwamitin karramawa.

"Baba Kolo, zauna mana. Kai ne na hannun daman marigayi, kowa ya sani."

"Ni guduwa na yi, Mushe. Kai ma ka sani, kana da takardun."

"Wannan duk ya wuce. Lokacin aiki ne ya sa mu." Ya gyara tabarau. "Nan da kwana arba'in babban baƙo zai zo daga Yamai ya buɗe wurin. Kai za ka murɗa pampo, ka cika kofin gilashi, ka miƙa masa ya sha. Za a ba ka sabuwar riga."

"In ya sha sai a bar shi a buɗe?"

"A'a, haba. Sai a rufe. Kai ma ka ga yadda wurin yake a da, caɓi, jakuna, mata suna zage-zage. Wurin tarihi ne yanzu. Duk shekara za a buɗe a yi biki."

"Mutane suna shan mataccen kare, Mushe."

"Ana nazarin wannan. Akwai wani kwamitin." Ya ɗauki alƙalami. "Ita Kaltuma, in da hali, ta huta a gida ranar. Ka san bakinta."

Kolo ya dubi hannun da ke riƙe da alƙalami, fari sol, da zobe. Ya ji yawu ya taru masa a baki, ya haɗiye, don an share ɗakin.

"Kwana arba'in ka ce? Ba wanda zai taɓa shi kafin nan?"

"Ko ni ba zan taɓa ba. Makulli yana aljihuna."

"To, Allah Ya kai mu," in ji Kolo.

Kwana arba'in ɗin nan na bazara ne, dutse kansa yana ƙona ƙafa. Kolo ya yi ta jigilar jan ruwa yana ba masu saye haƙuri kamar shi ya gurɓata shi. Yara uku a layinsu suka kwanta da gudawa. Mata suka daina gaishe shi, tun da aka ji an auna shi za a ɗinka masa riga. Kaltuma ta ce masa, "An ce ka zama ɗan biki. Allah Ya sa rigar ta rufe kunya." Ya saɓa sandarsa ya wuce.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, 'yan lakwal sun yi layi a rana da ƙananan tutoci. A sahun gaba Kolo ya ga fuskokin da ba su samu zuwa jana'iza ba, yau kowa ya samu sarari, wani har da hawaye. Tsohon gardin nan ma yana nan, an ba shi kujera. Mutanen Zongo suna can bayan igiya, Kaltuma a gabansu, ba wanda ya gayyace ta. Mushe Suma'ila ya yi jawabi na sa'a guda, ya ce shi da marigayi sun sha haɗuwa a kan wannan gwagwarmaya. Wannan kam ba ƙarya ya yi ba.

Aka buɗe kwaɗo. Kolo ya shiga cikin sabuwar riga, wadda ta zame ta gefen dama, ya tara kofi, ya murɗa. Pampon ya yi tari, ya yi gyatsa, ya yi shiru. Can sai ya amayo wani abu ja-ja baƙi-baƙi mai kauri kamar kunun kanwa, da ɓarɓashin tsatsa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda ya kai har sahu na uku. Kolo ya cika kofin taf, ya riƙe da hannu biyu cikin ladabi, ya durƙusa ya miƙa.

Baƙon mutum ne mai kunya. Ya karɓa, ya duba, ya ɗan nisanta shi da hancinsa.

"Baba, wannan ne ruwan da marigayi ya sha wuya a kansa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Nasa fari ne. Wannan na kwamiti ne."

Wata dariya ta taso daga bayan igiya, aka yi ta maza aka danne. Mushe Suma'ila ya matso yana gumi yana cewa lalle wani ne ya yi ɓarna.

"Ba wanda ya yi ɓarna, Mushe, makulli yana aljihunka," in ji Kolo. "Shekara talatin ina kan pampon nan. In ruwa ya kwana biyu a cikin ƙarfe da zafin nan, sai ya fara wari. In ya yi arba'in, ga shi nan a hannun baƙo."

"To yaya ake yi ya zauna da tsabta?" baƙon ya tambaya.

"Sai ana ɗiba kullum, ranka ya daɗe. Tulu ɗari biyu, in an rage ɗaya sai ya koma haka."

Baƙon ya ajiye kofin a kan dakali, ya juya wajen kwamiti. Ya ce wannan wuri ne da manyan baƙi za su riƙa zuwa, har daga ƙasashen waje, ba zai yiwu a miƙa musu irin wannan ba. Ya ce a cire kwaɗon, a umarci jama'ar unguwa su riƙa ɗibar tulu ɗari biyu kowace rana don kula da wurin tarihi, wanda ya ƙi kuma a san yadda za a yi da shi. Aka yi tafi. Mushe Suma'ila ya fi kowa tafi, ya ce dama kwamiti yana wannan tunanin.

Kolo ya tsaya yana jin su. Yara uku sun kwanta, ba wanda ya motsa, kofi ɗaya ya yi wari an buɗe. Ya tofar da yawu a gindin farin dakalin, ya tuɓe rigar ya rataye a shinge, ya bar pampon yana zuba har ruwan ya washe. Kafin motar baƙo ta bar wurin an tsallake igiya, layi ya kai bakin titi, wani jaki ya riga ya sa hannu a kan simintin.

Kaltuma ce ta farko. Ta tara tulunta, ta yi ƙasa da murya.

"Kolo, tsakaninka da Allah, sai ɗari biyu?"

"Goma ma sun isa," in ji shi. "Ja tulunki, Yaya, akwai mutane a bayanki."