Gurbin da Yayana Ya Hana a Cike

Yayana yana aiki da wani kamfanin mai a can kudu. Ba ya haƙa komai, shi dai tsara wa kwamfuta rumbun da ake zuba bayanan rijiyoyin mai da gas yake yi. Shekarar da na gama sakandare ya zo hutun Kirsimeti da kwamfutarsa ta cinya, muka riƙa zama gindin mangwaron gidanmu a Zuru yana nuna mini.

Kowace rijiya da layinta: zurfinta, irin dutsen da aka ratsa, abin da take bayarwa. Ina kallo sai in ga kamar ƙasa ta koma gilashi, baƙaƙen koguna suna kwance can ƙasa suna numfashi a hankali. Har nakan yi tunanin ko akwai irinsu ƙarƙashin gonar dawarmu.

Wata rana na ga gurbi ba komai, na kai yatsa zan sa sifili. Ya buge mini hannu.

"Ke auta, wa ya aike ki? Sifili na nufin an auna, babu. Wannan ba a auna ba tukuna. Abin da ba ki sani ba, bar shi a buɗe."

Da damina aka aiko cewa 'yan bindiga sun tare jirgin ruwan su Yaya sun tafi da su. Makonni suka shuɗe, shiru. Matan cocinmu suka fara shigowa da kwanonin tuwo suna magana ƙasa-ƙasa. Baba, tsohon soja, ya ce ya san irin wannan shirun. Gwaggo ta zo daga Ribah ta ce a kwashe kayan ɗakinsa, ko Mama ta daina leƙawa.

Na zauna a bakin ƙofar.

"Gwaggo, wa ya ga gawa?"

"'Yar nan, sai haƙuri."

"Ba mu sani ba tukuna. A bar ɗakin."

Aka bar shi. Kullum ina share shi, ina mafarkin Yaya yana tafiya cikin kogunan nan, ruwan bai kai masa ƙirji ba.

Wata ranar kasuwa matar da ke kasuwancin buga waya ƙarƙashin lema ta aiko a kira wani daga gidanmu. Ni na ruga. Ta miƙo mini wayar, muryar da ke ciki ta dusashe, kamar daga cikin rijiya.

"Auta, kin taɓa mini kaya?"

Yaya ne. Rigunansa suna nan a kan igiya yadda ya rataye su, haka ya dawo ya same su.